Darasi Don Taron Jam'iyya: Aiki Daga Nesa da Tallafin Gwamnati

Ga mai bi da darasi: Wannan darasi ya isa zama biyu. A zama na fari a karanta kashi na 1 zuwa na 5. A zama na biyu a karanta sauran, a yi lissafin a kan allo yadda kowa zai gani. A gayyaci matasa da zumuntar mata, gama maganar ta shafe su ƙwarai. Ma'aji ya zo da littafin kuɗi.

Karatu: Nehemiya 2:1-18, Luka 14:28-30, 2 Korantiyawa 8:16-21.

1. Abin da ya kawo maganar

A yawon da nake yi cikin jam'iyyunmu na gama kai, akwai kuka guda da nake ji ko'ina. Uba ya sayar da masara da awaki ya sa yaro a makaranta. Yaro ya gama, sa'an nan ya ɗauki jakarsa ya nufi Jos, ko Kaduna, ko Abuja, ko Legas. Ba za mu ga laifinsa ba, gama aikin da ya koya babu shi a gida. A birni kuwa haya da kuɗin mota sukan cinye yawancin abin da ya samu. A gida gona ta rasa hannu, ƙungiyar mawaƙa ta rasa murya, jam'iyya kuma ta rasa wanda zai riƙe mata littafi.

Yanzu wasu matasanmu sun zo da shawara. Sun ce jam'iyya ta nemi tallafi ta buɗe ɗakin kwamfuta, domin su zauna a gida su riƙa yi wa mutanen birni aiki ana biyansu. Wasu dattawa sun ce mafarki ne. Wasu kuma sun ce a yi maza kada kuɗin gwamnati ya wuce mu. Kafin mu ce i ko a'a, bari mu dubi wata ƙasar manoma wadda ta riga ta gwada abin, mu ga yadda ta yi da abin da ta tarar.

2. Mene ne aiki daga nesa?

Aiki daga nesa shi ne mutum ya yi aikin ofis ba tare da ya je ofis ɗin ba. Mai aikin yana birni, ma'aikaci yana ƙauyensu, aikin kuwa yana tafiya tsakaninsu ta intanet. Albashi yakan shigo ta banki. Irin ayyukan da ake yi haka su ne lissafin kuɗi, buga takardu, fassara, koyarwa, amsa kiran masu sayen kaya, zane, da haɗa manhajar kwamfuta. Tun dā akwai masu yin haka, amma annobar korona ta 2020 ce ta yawaita su, sa'ad da aka rufe ofisoshi a ƙasashe da yawa aka ce kowa ya yi aiki daga gida.

Ku tuna da murhu. Duwatsu uku ne suke riƙe tukunya, in ɗaya ya kauce miya ta zube. Haka aiki daga nesa yake. Dutse na fari shi ne hanya, watau wutar lantarki da intanet mai ƙarfi. Na biyu shi ne wurin zama mai natsuwa, da tebur da kwamfuta. Na uku shi ne aikin kansa, watau wani mutum ko kamfani da yake shirye ya biya, da ma'aikaci wanda ya iya abin da ake nema.

Sai kuma kalmar tallafi. Rance ana mayarwa, sau da yawa da ruwa a kai. Tallafi ba a mayarwa, amma yana zuwa da sharaɗi: a kashe shi a kan abin da aka rubuta kaɗai, a kawo rasiɗi, a ba da rahoto. Wanda ya karya sharaɗi akan ce ya dawo da kuɗin. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

3. Ƙasar da 'ya'yanta suka yi ta tafiya

Ailan tsibiri ne yamma da Birtaniya, ƙasar ruwan sama da ciyawa da shanun madara. Wasunmu sun san mutanenta, domin da yawa cikin limaman Katolika da suka yi aikin makarantu a Jos da Kaduna da Yola daga can suka fito. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, sun baro ƙauyuka ne masu ciwo irin namu.

Daga 1845 wata cuta ta kama dankalin da talakawa suke rayuwa a kai. Aka yi yunwa ta shekaru, mutum wajen miliyan 1 suka mutu, wajen miliyan 1 kuma suka bar ƙasar. Bayan yunwa ta wuce tafiyar ba ta tsaya ba. A 1841 mutanen yankin da yake Jamhuriyar Ailan a yau sun kai miliyan 6.5. A 1961 sun ragu zuwa miliyan 2.8. Samari da 'yan mata suna girma su tafi Ingila ko Amurka, daga baya kuma Dablin, babban birnin ƙasar. Sai a ƙidayar 2022 aka ga mutanen ƙasar sun sake haura miliyan 5.

Manoman Ailan tsofaffin 'yan gama kai ne. A 1889 aka kafa masana'antar man shanu ta gama kai ta fari a garin Drumcollogher. Wani mutum mai suna Horace Plunkett, ɗan Furotesta, ya haɗa hannu da wani limamin Katolika, Fada Thomas Finlay, suka kafa uwar ƙungiyar jam'iyyun manoma a 1894. Da gwamnati ta fara kai wutar lantarki karkara a 1946, yanki yanki aka bi. Kwamitin mutanen gari, sau da yawa da shugabannin ikkilisiya a gaba, shi yakan bi gida gida yana rubuta waɗanda suka yarda su karɓi wuta su biya. Yankin da ya tara sunaye da yawa shi akan fara kai wa. Ku riƙe wannan, gama za mu sake ganinsa.

4. Jama'a ne suka fara

A gundumar Cork akwai wani gari mai suna Skibbereen, mutanensa ba su wuce kamar 3,000 ba. Yana cikin garuruwan da yunwar nan ta fi yi wa ɓarna, har yau akwai makabarta inda aka binne dubbai a rami ɗaya ɗaya. Wasu 'yan garin, na gida da waɗanda suka yi arziki a waje, suka ga samarinsu suna ƙarewa. Suka haɗu suka kafa ƙungiya wadda ba ta neman riba. Wani ɗan kasuwa ya ba da tsohon gidan burodi. Suka shawo kan wani kamfani ya jawo musu wayar intanet mai ƙarfi irin ta babban birni. A 2016 suka buɗe wurin, suka sa masa suna Ludgate, sunan wani ɗan garin, Percy Ludgate, wanda ya tsara injin lissafi tun 1909.

Mu kira irin wannan wuri zauren aiki. Kamar yadda tela da dukawa sukan zauna a zaure kowa da sana'arsa, haka nan mutane dabam dabam sukan zo su kama tebur, su biya na yini ko na wata, kowa ya yi aikin wanda ya ɗauke shi. Abin da suka haɗa shi ne rufi da wuta da intanet.

A 2018 kuma wasu mutane, cikinsu har da wata mace mai suna Tracy Keogh, suka fara wata ƙungiya da ake kira Grow Remote. Da zance a WhatsApp suka soma. Sun lura cewa akwai kamfanoni masu ɗaukar ma'aikata daga nesa, amma mutanen ƙauye ba su san da su ba, ba su kuma san yadda ake neman aikin ba. Sai suka kafa rassa a garuruwa, 'yan sa kai suna nuna wa maƙwabtansu inda aikin yake, suna koya musu yadda ake yinsa. Su dutse na uku suka kama. Daga baya gwamnati ta tallafa musu ta hannun hukumarta ta raya kamfanoni.

5. Abin da gwamnati ta yi

Gwamnatin Ailan ta sa hannu a duwatsun nan uku, ko da yake ba daidai wa daida ba.

A kan hanya: a watan Nuwamba 2019 ta sa hannu a kwangilar kai intanet mai ƙarfi zuwa gidaje da gonaki da makarantu fiye da 500,000 a karkara, inda kamfanoni suka ƙi zuwa don babu riba. Tun da aikin zai ɗauki shekaru, sai aka fara sa intanet a wuraren taruwar jama'a kusan 300, kamar ɗakunan taro na gari da na wasanni, domin mutane su riƙa zuwa can kafin waya ta iso gidajensu.

A kan wurin zama: a watan Maris 2021 ta fitar da shirin raya karkara na shekara biyar. A watan Mayu na shekarar, ministar raya karkara, Heather Humphreys, ta buɗe tsarin da ake kira Connected Hubs, wanda ya haɗa zaurukan aiki na ƙasar a shafi guda, inda mutum zai nemi tebur ya biya ta wayarsa. An sa burin zaure 400 kafin ƙarshen 2025, a 2023 kuwa an riga an wuce 300. A 2021 aka raba kusan Yuro miliyan 9 ga ayyuka 117, ƙarami ya sami Yuro 10,000, babba har 250,000. A 2022 aka ƙara Yuro miliyan 5 ga ayyuka 81. Masu karɓa sun haɗa da ƙungiyoyin jama'a, da ƙananan hukumomi, da 'yan kasuwa masu zauren kansu. An kashe kuɗin a kan ƙarin tebura, da 'yan ƙananan ɗakuna inda mutum zai yi waya ba a jinsa, da ɗakin taro, da makullai, da gyaran ƙofa domin naƙasassu. A 2022 kuma aka ba mutane takardun gwaji, kowa ya je ya zauna kwana uku kyauta ya ga ko zai so.

Ƙananan 'yan kasuwa ma an taimake su. Akwai tallafi har Yuro 2,500 da aka riƙa ba mai ma'aikata 10 ko ƙasa da haka, domin ya iya sayar da kayansa ta intanet. Da fari shi ne zai kawo rabin kuɗin. A 2020, saboda annoba, aka rage nasa kason zuwa kashi 10 cikin 100. Ku lura, ko a lokacin wahala ba a yafe masa nasa kason duka ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A kan aikin kansa: gwamnati ba ta iya tilasta wa kamfani ya ɗauki ɗan ƙauye. Abin da ta yi shi ne rangwamen haraji a kan kuɗin wuta da intanet na mai aiki a gida, da kuma doka ta 2023, wadda ta fara aiki a watan Maris 2024. Dokar ta ba ma'aikaci ikon ya roƙa a bar shi ya yi aiki daga nesa, mai aikin kuma dole ya duba roƙon ya ba da amsa. Amma yana iya cewa a'a in yana da dalili.

To, me aka samu? Ƙidayar 2022 ta nuna ma'aikata kusan 750,000, watau wajen ɗaya cikin uku, suna aiki daga gida aƙalla rana ɗaya a mako. Iyalai sun koma garuruwan da iyayensu suka bari. Mutumin da yake karɓar albashin birni yana kashe shi a kantin ƙauye, 'ya'yansa suna makarantar ƙauye, shi kuma yana iya taya mahaifinsa tatsar shanu da safe kafin ya zauna a tebur.

Akwai kuma cikas. Tallafin nan na sayen kaya da gyaran gini ne, ba ya biyan kuɗin wuta da albashin mai kula wata wata. Saboda haka ƙananan zauruka da yawa suna fama, suna dogara ga 'yan sa kai. Wasu mutane da intanet ya iso gidajensu suka daina zuwa zaure. Wasu kamfanoni kuma, bayan annoba ta wuce, suka ce ma'aikata su dawo ofis kwana biyu ko uku a mako, wanda yake nesa da birni kuwa ya shiga damuwa. A wasu garuruwa masu kyau kuɗin gidaje ya tashi, har 'yan gari suna kuka.

Babban abin koyi shi ne wannan. Kuɗin gwamnati ya fi yin amfani a inda ya tarar da jama'a sun riga sun haɗa kai, suna da kwamiti, da gini, da littafin kuɗi, da mutanen da suke jiran tebur. Tallafi kamar ruwan sama ne. Gonar da aka share aka yi wa huɗa ita take shan amfaninsa, saura kuwa ciyawa take fitarwa.

6. Nehemiya ya nemi tallafi

Abin nan ba sabo ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. Nehemiya ya ji garun Urushalima ya rushe, ya yi kuka, ya yi addu'a kwana da kwanaki. Sa'ad da sarki Artashate ya tambaye shi abin da yake so, amsarsa tana shirye. Ya faɗi lokacin da zai ɗauka. Ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin hanya. Ya roƙi katako daga wurin Asaf mai tsaron kurmin sarki, ya kuma faɗi abin da za a yi da shi. Da ya isa, sai ya fita da dare ya duba garun da idonsa kafin ya tara jama'a.

Sarki katako ya bayar, hannuwan da suka yi gini na mutanen gari ne. Sura ta 3 ta lissafta su iyali iyali, wasu suna gyara daidai ƙofar gidansu, har aka gama cikin kwana 52. Sura ta 5 kuma ta nuna Nehemiya ya yi shekara 12 yana mulki bai karɓi abincin da ya cancanci mai mulki ba, don kada ya nawaita wa jama'a.

Manzo Bulus ma, da ikkilisiyoyi suka tara gudummawa domin 'yan'uwa a Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya sa Titus da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa su kasance a ciki, don kada kowa ya sami abin zargi. In Bulus ya nemi shaidu a kan kuɗi, wane ne shugaban jam'iyya da zai ce ba a amince da shi ba don an ce mutum uku su sa hannu?

7. Mu fa?

Kada mu ruɗi kanmu. A Ailan kowane gida yana da wuta, kowa yana jin Turanci, manyan kamfanoni suna ƙasar, gwamnati kuma tana da kuɗi. A ƙauyukanmu da yawa dutse na fari ma bai zauna ba. Akwai inda sai an hau tudu waya take kamawa. Saboda haka abin da za mu ɗauka daga wurinsu shi ne yadda suka bi abin daki daki.

Na taɓa shiga wani ɗaki a wani ƙauye inda wasu masu taimako suka kawo kwamfuta goma. An yi bikin buɗewa da kiɗa da jawabi. Ranar da na je, sai da aka nemo mai makulli daga gona. Muka tarar da kwamfutocin a lulluɓe, zanzaro ya yi gini a bayan ɗaya. Janareto yana nan, amma ba wanda aka ɗora wa sayen mai. Malamin da ya fara koyarwa ya tafi da tallafi ya ƙare. Ba wanda ya saci ko allura, duk da haka dukiyar ta lalace, domin ba a zauna an yi lissafin wata wata ba.

Ubangijinmu ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya lissafta abin da za ta ci. Bari mu yi haka. Lambobin nan misali ne kawai, kowace jam'iyya ta sa nata farashin.

A ce an ba mu tallafi mun sayi farantan hasken rana, da batura, da kwamfuta 6. A ce kuɗin intanet, da ladan mai kula, da abin da za mu riƙa ajiyewa domin canja batir da gyara, duka sun kama Naira 90,000 a wata. A ce kuɗin tebur Naira 1,000 ne a yini, ana buɗewa kwana 22 a wata. Mutum ɗaya mai zuwa kullum zai kawo 22,000. Mutum huɗu za su kawo 88,000, bai kai ba. Sai an sami mutum biyar kowace rana kafin zaure ya riƙe kansa. In mutum biyu ne kaɗai suke zuwa, za a sami 44,000, giɓi 46,000 ke nan a wata, watau 552,000 a shekara. Daga ina za a cike? Daga kuɗin takin da membobi suka tara? Wannan ita ce tambayar da za a amsa kafin a rubuta takardar nema.

Ana iya rage giɓin da cajin waya, da buga takardu, da koya wa 'yan makaranta kwamfuta da yamma. Jam'iyya kanta tana iya zama mai ba da aiki na fari: ta ɗauki yaro ko yarinya ya riƙe mata lissafi a kwamfuta, ya nemo farashin hatsi a kasuwanni, ya tallata waken soya ko citta ko zumarta ga masu saye a birni. Yaron da ya iya wannan, gobe yana iya riƙe wa ɗan kasuwa a Kano lissafi yana zaune a gida. A tuna da 'yan mata da matan aure masu ilimi, waɗanda barin gida yake yi musu wuya. Su ne irin wannan aiki zai fi yi wa rana.

Ƙofofin da za a iya ƙwanƙwasawa a Nijeriya suna nan. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa wani asusu, USPF, a ƙarƙashin hukumar sadarwa ta ƙasa, domin kai waya da intanet inda kamfanoni ba su kai ba. Hukumar samar da wutar lantarki a karkara, REA, tana tallafa wa ƙananan tashoshin wuta na hasken rana. A 2023 ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta fara shirin 3MTT da nufin koya wa mutum miliyan 3 sana'o'in kwamfuta. Sharuɗɗa sukan canja daga shekara zuwa shekara, don haka magatakarda ya je ofis da kansa ya tambaya, ya kuma nemi shawarar jami'in gama kai na jiha.

Kafin a je, a tabbata waɗannan suna hannu:

(a) Takardar rajistar jam'iyya da littafin dokokinta.
(b) Rahoton taron da membobi suka yarda a nemi tallafin.
(c) Asusun banki da sunan jam'iyya, da masu sa hannu biyu ko uku.
(d) Lissafin kuɗin shekarar da ta wuce, wanda wani na waje ya bincika.
(e) Yarjejeniya a rubuce da dattawan ikkilisiya, in ɗakin ikkilisiya za a yi amfani da shi. A rubuta kuma cewa ƙofa a buɗe take ga kowane ɗan gari, Kirista da Musulmi, gama kuɗin gwamnati na kowa ne.
(f) Namu kason, ko kuɗi ne, ko tubali da aikin gayya.
(g) Sunayen waɗanda suka yi alkawarin zuwa su biya, kamar yadda mutanen Ailan suka tara sunaye kafin a kawo musu wuta.

A sani kuma, masu ba da tallafi da yawa sukan ce a fara kashewa a kawo rasiɗi, sa'an nan su biya. A tambayi wannan tun da wuri, kada aiki ya tsaya a tsakiya.

8. Gargaɗi

Inda ake maganar tallafi, macuta ba sa nisa. Duk wanda ya ce ku biya shi kuɗin fom ko na sa suna kafin tallafi ya fito, ku bincika a ofis tukuna. Kada kowa ya ba da lambar sirri ta katin banki, ko lambar da banki ya aiko ta waya, ko da mai tambaya ya ce daga Abuja yake. Haka nan aikin da aka ce sai ka zuba kuɗi kafin ka fara samu, ko sai ka kawo mutum biyu, tarko ne. Ba mu manta da yadda MMM ta tafi da kuɗin mutane a 2016 ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Gargaɗi na ƙarshe ga matasanmu ne. Kwamfutar da ake aikin gaskiya da ita, da ita ake damfara. Jam'iyyar da ta buɗe zaure ta kafa doka tun ranar fari, ta san aikin da kowa yake yi a ciki. Sunan ikkilisiya da na gari yana kan wannan ƙofa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Matasa nawa ne suka bar garinmu cikin shekara biyar da suka wuce? Wane aiki suke yi a inda suke? Nawa ne cikin ayyukan za a iya yi daga gida?
2. Cikin duwatsu uku na murhu, wanne muke da shi, wanne ya fi yi mana nisa?
3. Mene ne bambancin tallafi da rance? Wace wahala jam'iyya za ta shiga in ta kashe tallafi a kan abin da ba a rubuta ba?
4. Waɗanne abubuwa Nehemiya ya shirya kafin ya buɗe baki a gaban sarki?
5. Akwai wani kaya da aka taɓa kawo wa garinmu kyauta, kamar famfo ko injin niƙa, wanda ya tsaya? Me ya tsayar da shi?
6. In zaure bai riƙe kansa ba a shekara ta fari, wa zai cike giɓin?

Aikin yi kafin taro na gaba

A zaɓi mutum huɗu: dattijo ɗaya, mace ɗaya, da matasa biyu. Su zagaya gari da waya su gano inda intanet ya fi ƙarfi, da safe da kuma dare. Su rubuta sunan kowane mai takardar sakandare ko fiye da yake gida, da abin da ya iya. Su yi waya da 'yan garinmu biyar da suke birni, su tambaye su ko akwai aikin da za su iya turowa gida su biya. Su kawo farashin gaskiya a sake lissafin kashi na 7. In lissafi ya tsaya, a fara shirya takardu. In bai tsaya ba, a fara da tebur ɗaya da kwamfuta ɗaya domin aikin jam'iyya, a ga yadda shekara za ta yi.

Addu'a

Ya Uba, mun gode maka domin gonakinmu da 'ya'yanmu, na gida da na nesa. Ka ba masu mulkinmu zuciyar tunawa da karkara. Ka ba mu haƙurin yin lissafi kafin gini, da aminci a kan kowane kwabo da aka danƙa mana. Ka buɗe wa matasanmu hanyar aikin gaskiya. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Naku cikin hidima,
Malamin Gona, Sashen Raya Karkara